An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Misin, Tafet da Kuɗin Bincike

A cikin kuɗin da mai mota ke bari a gareji akwai kaso guda da ya fi saura ciwo, wato kuɗin kayan da aka cire aka jefar alhali lafiyarsu ƙalau. Babu rasit da ke kiransa da wannan suna. Yakan zo ne da sunan sababbin fulogogi, ko kwayil, ko wankin nozul, ko sauya famfon fetur, motar kuma ta koma gida da irin rawar jikin da ta je da ita. Bayan mako guda a sake komawa, a sake sayen wani abu.

Cutar da ta fi jawo irin wannan ɓarna ita ce wadda kanikawa ke kira misin: inji yana karkarwa a silo, yana sarƙewa idan an taka totur, ƙarfinsa ya ragu, shan mansa ya ƙaru. Daga cikin abubuwan da ke haddasa ta akwai wani ɗan ƙarfe da girmansa bai wuce babban yatsa ba, wanda littattafan gyara ke kira lifta, kanikawanmu kuma suka fi sani da tafet. Na zaɓe shi ne domin yana tona asirin yadda ake gyaran mota a wurinmu fiye da kowace matsala. Ra'ayina shi ne laifin wannan ɓarna bai tsaya kan bakanike shi kaɗai ba. An saba biyan kuɗin kaya da kuɗin ɗaura kaya, ba a saba biyan kuɗin gano cuta ba, kasuwa kuwa abin da ake biya shi take kawowa.

Abin da ake nufi da misin

Injin fetur na motocin da muke hawa yana aiki ne da tsarin bugu huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya tabbatar da shi a 1876. A cikin kowace silinda fistan yakan sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta su ƙone su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin wannan ƙonewa ta yiwu sai an sami wuta a kan lokaci, da fetur daidai gwargwado, da iskar da ta shiga aka kuma matse ta. Idan ɗaya ya gaza, wannan silinda ta tsallake aikinta, sauran su ɗauki nauyinta. Wannan tsallakewar ita ce misin. A inji mai silinda 4, mutuwar guda ɗaya na nufin rubu'in ƙarfin ya tafi, shi ya sa ake jin girgizar har a sitiyari.

Wuta aikin fulogi da kwayil ne. Fetur aikin famfo da nozul ne. Shigar iska da fitar hayaƙi kuwa suna hannun bawul, waɗanda suke kamar ƙofofi a saman silinda. Abin da ke buɗe su shi ne kamshaf, wata sandar ƙarfe mai tozaye a jikinta, duk lokacin da tozo ya zagayo sai ya tura bawul ya buɗe, idan ya wuce sifirin ya mayar da shi ya rufe. Tafet yana zaune ne a kan wannan hanya, tsakanin tozo da bawul. Kamshaf yana juyawa rabin juyin inji, don haka idan mota na tsaye a silo tana juyi 700 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 350, kusan sau 6 a daƙiƙa guda.

Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi, saboda haka dole a bar wata 'yar rata a wannan hanya, in ba haka ba bawul ba zai zauna ya rufe ruf ba idan inji ya ɗumama. Duk wanda ya taɓa mallakar babur ya san saitin tafet, inda bakanike ke auna ratar da siraran ƙarfe ya ɗaure noti. Injuna da yawa na zamani sun sauke wa ɗan Adam wannan aiki, suka ɗora wa baƙin mai. Tafet ɗinsu yana da rami a ciki, da ɗan ƙaramin fistan, da sifirin, da wani ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar dawa da ke barin mai ya shiga ya hana shi fita. Mai ba ya matsuwa, don haka da ramin ya cika sai tafet ya zama kamar sandararren ƙarfe, ya cike ratar da kansa a sanyi da zafi.

Lalacewarsa iri uku ce da aka fi sani. Yakan kasa riƙe mai ya durƙushe, sai tozo ya yi ta turi a banza, bawul ya buɗe kaɗan ko ya ƙi buɗewa sam. Yakan maƙale a miƙe ya hana bawul rufewa, matsi ya zurare, zafin hayaƙi ya ci bakin bawul. A injunan da tafet ke da 'yar taya a ƙasansa kuwa, tayar takan cije ta daina juyawa ta riƙa kankare tozon kamshaf, garin ƙarfe ya shiga cikin mai. A duk ukun fulogi yana ba da wuta, nozul yana ba da fetur, amma silinda ba ta numfashi. Ko fulogi nawa aka saya ba zai buɗe mata ƙofa ba.

Abin da kwamfuta ke faɗi da abin da ba ta faɗi

Yau da wuya ka shiga babban gareji a Kano ko Kaduna ko Abuja ka rasa mai na'urar da ake jonawa a ƙasan sitiyari. Tun daga motocin 1996 dokar Amurka ta wajabta tsarin OBD-II ga duk ƙaramar motar da za a sayar a can, yawancin motocin hannu da ake shigo mana da su daga can kuwa suna ɗauke da shi. Kwamfutar mota tana lura da gudun kiranshaf, duk lokacin da wata silinda ta tsallake aikinta gudun yakan ɗan yi sanyi, sai ta ƙirga ta ajiye lamba. P0301 na nufin misin a silinda ta 1, P0304 a ta 4, P0300 kuwa misin ne da bai tsaya wuri guda ba. Idan fitilar gargaɗin inji tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ma'anarta misin ɗin ya kai matsayin da zai iya ƙona matatar hayaƙi, wadda ake yi wa laƙabi da indomi a garejinmu.

Lambar tana da amfani ƙwarai, amma iyakarta ta nuna ɗakin da ake kuka, ba ta san abin da ya sami mai kukan ba. Babu wata na'urar ji a jikin tafet da za ta kai rahotonsa. Kwayil da ya mutu, nozul da ya toshe, bawul da ya ƙone, tafet da ya durƙushe, duk lamba ɗaya suke haifarwa. Don haka idan aka ce maka “kwamfuta ta ce fulogi ne”, an ɗora wa kwamfuta maganar da ba ta yi ba. Mai na'urar ne ya yi hasashe, ya jingina shi da allo domin ya fi shiga kunne.

Yadda ake bin sawu

Binciken kirki yana farawa daga abin da ba ya cin ko sisi. Idan lamba ta nuna silinda ta 4, sai a ɗauke kwayil ɗinta a musanya da na silinda ta 2, a goge lambar, a tayar da inji. Idan misin ya koma ta 2, an kama mai laifi, kwayil ɗaya tak za a saya. Idan ya tsaya a ta 4, sai a yi wa fulogi irin wannan musaya, sannan nozul. Misin da ya ƙi bin kowannensu ya kafe a silinda guda ya rage wa mai bincike hanyoyi biyu: wayoyin da ke kai saƙo wurin, ko kuwa jikin injin kansa.

A nan kunne ke shigowa. Tafet da ya durƙushe yakan yi ƙara sirriya, ƙas-ƙas-ƙas, daga saman inji, tana ƙaruwa da totur, amma bugunta rabin juyin inji ne domin kamshaf take bi. Bakanike mai gogewa yakan ɗora bakin dogon sukundireba a kan murfin bawul ya kara ƙotar a kunnensa, ya bi silinda ɗaya bayan ɗaya har ya sami inda ƙarar ta fi ƙarfi. Sai dai ba kowace ƙas-ƙas ce tafet ba. Nozul ma yana da tasa ƙarar alhali lafiyarsa lau, yoyon hayaƙi a wuyan salansa yakan yi kama da ita, sannan ƙarar da ke zuwa da tayarwar safe ta ɓace cikin 'yan daƙiƙoƙi yawanci mai ne bai gama hawa sama ba.

Bayan kunne sai awo. Gwajin matsi, wanda kanikawa ke kira kwamfireshan, ana yin sa ne ta cire fulogi a ɗaura agogo a gurbinsa a juya inji. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancin silinda da 'yan'uwanta ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100. Akwai kuma gwajin yoyon iska: a kawo fistan can sama bawul duka suna rufe, a hura iska mai ƙarfi ta ramin fulogi, a saurari inda take fita. Idan ta bakin totur ne, bawul ɗin shigar iska ba ya rufewa. Idan ta salansa ne, na fitar hayaƙi ne. Ta bakin zuba mai, ringi ne. Kumfa a lagireto, gasket ne.

Ga inda tafet ke yaudarar wanda bai natsu ba. Gwajin yoyon iska yana auna rufewar bawul ne, tafet da ya durƙushe kuwa buɗewa yake hanawa. Silinda na iya cin wannan jarrabawa da maki mai kyau alhali ba ta aiki. Ga mai tunani, wannan kyakkyawan sakamako shi kansa shaida ne: wuta akwai, fetur akwai, ƙofofi suna rufewa, saura a duba ko suna buɗewa. Sai a kwance murfin bawul, a juya inji a hankali, a zuba ido. Roka da ke motsi rabin na maƙwabtansa, ko wanda ya tsaya cik, ya gama ba da amsa. Daga nan a auna ƙarfin hawan mai, a yanka tsohuwar filta a duba ko akwai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, domin a san ko ɓarnar ta kai ga kamshaf.

Kafin duk wannan akwai tambayar da ya kamata bakanike ya iya amsawa: wannan injin ma wane irin tafet ne da shi? Honda Accord mai inji 2.4 na jerin K24 saitin noti ake yi masa kamar babur. Toyota Camry mai inji 2.4 na 2AZ-FE tafet ɗinsa sandararre ne, ba ya cika da mai. Amma V6 mai lita 3.5 na 2GR-FE, da ke cikin Camry da Highlander da Sienna da Lexus RX350, yana da mai cike rata da baƙin mai. Ƙara iri ɗaya a waɗannan injuna uku tana iya nufin gyara daban-daban.

Darasi daga manyan motocin Amurka

Misali mafi shahara na wannan cuta yana wurin kamfanin General Motors. Daga motocin 2005 ya fara sa wa injunansa na V8 wani tsarin rage shan mai, da farko da sunan Displacement on Demand, daga baya Active Fuel Management, wanda ya shiga Tahoe da Suburban da Silverado da Yukon da Escalade. Idan mota na tafiya a miƙaƙƙiyar hanya ba ta buƙatar ƙarfi, kwamfuta takan kashe silinda 4 daga cikin 8, wato ta 1 da ta 4 da ta 6 da ta 7. Tana yin haka ne ta tura mai ya zare wasu 'yan sakatu a cikin tafet ɗin waɗannan silindoji, tafet ya durƙushe da gangan, bawul su zauna a rufe. Da an taka totur sakatun su koma, silinda ta farka.

Wata rana sakatar takan ƙi komawa. Silinda ta zauna a mace, fulogi da kwayil suna nan garau. Koke-koke kan wannan sun yi yawa har wasu masu motoci suka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a wata kotun tarayya da ke jihar Michigan a 2021, suna zargin cewa tafet ɗin na da aibi tun daga ƙira. A waɗannan injuna sai an ɗaga kan inji kafin a kai ga tafet, aiki ne babba.

Irin waɗannan motoci suna yawo a titunan Abuja da Kano, da yawansu an shigo da su bayan sun sha tafiya a can. Bakaniken da ya san injin, da ya ga P0304 ko P0306 tare da ƙas-ƙas, ya san inda zai fara zato. Wanda bai sani ba zai sa a sayi fulogi 8 da kwayil 8. Bambancin mutanen biyu karatu ne da gogewa, kuma shi ne abin da mai mota ya fi ƙyashin biya. Misalin yana kuma tuna mana cewa ba kullum ne sakacin mai mota ke kashe tafet ba, wani lokaci ƙirar ce ke da rauni.

Hujjar masu canki-canka

Masu kare tsarin da aka saba suna da magana, kuma ba maganar banza ba ce. Sukan ce yawancin misin daga fulogi ko kwayil yake, don haka fara sauya su caca ce da aka fi ci, ta kuma fi buɗe inji araha. Gaskiya ne daga ɓangaren wuta ya kamata zato ya fara. Amma zato ɗaya ne, saye kuma wani abu ne daban. Musayar kwayil tsakanin silinda biyu tana ba da amsar da sayen sabon kwayil zai bayar, cikin 'yan mintoci, ba tare da an taka zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka ba. Tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kowane kayan gyara da ake shigowa da shi ya yi tsadar da ba ta bar wa kowa sararin caca ba. Ga kuma haɗarin cire kwayil na asali mai lafiya a ɗaura jabu a gurbinsa, a ƙara wa mota cuta ta biyu.

Sukan kuma ce kayan awo suna da tsada, ƙaramin bakanike ba zai iya ba. Agogon matsi da sukundireba da idon da zai kalli roka ba su kai na'urar da ake jonawa a ƙasan sitiyari tsada ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne dalilin da zai sa bakanike ya ɓata sa'o'i biyu yana awo. Idan ya gama ya ce “Alhaji, na gano, tafet ne a silinda ta 4, kuɗin bincikena kaza”, amsar da ya fi tsammani ita ce “To me ka gyara?” Idan kuwa ya miƙa tsofaffin fulogogi a leda, ba mai musu da shi. Mutumin da ake biya don ya sauya kaya, kaya zai sauya. Masu ilimin da ke karanta wannan rubutu sun san wannan darasi daga wani fagen. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ba kowane zazzaɓi ne shi ba, kuma babu mai hankalin da ke cewa likita bai yi aiki ba don gwaji kawai ya rubuta.

Akwai dabaru na ɓoye cuta da ya kamata a ƙi su kai tsaye. Zuba mai mai kauri irin 20W-50 a injin da aka ƙera don 5W-30 ko 0W-20 yana iya rage ƙara, amma yana jinkirta isar mai ƙananan ramukan da tafet ke sha daga gare su, musamman da sanyin safiya. Maganin wanke inji yana iya sakin tafet da dauɗa ta riƙe, ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Goge lamba ba gyara ba ne. Fasa indomi don mota ta sami numfashi kuwa hukunta wanda aka zalunta ne, domin ɗanyen fetur da silinda marar aiki ke turawa shi ya ƙona ta. Kowane mako da aka ƙara ana hawa, fetur yana wanke man jikin silinda yana tsinka na cikin inji, idan kuma tafet ya fara cin kamshaf, garin ƙarfe yana zagayawa har ya kai ga metal. Gyaran da ya tsaya a saman inji a watan farko yakan zama sayen inji ɗan Beljiyam a wata na shida.

Rabon mai mota

Tafet mai aiki da mai rayuwarsa tana hannun man da ake zubawa. Ƙurar hunturu, zafin bazara, gajerun tafiye-tafiye a cikin gari, da zaman direba na sa'o'i inji yana silo don na'urar sanyaya mota, duk suna cikin abin da littattafan masu ƙera motoci ke kira aiki mai tsanani, wanda ke buƙatar a matso da lokacin sabis. Lambar kaurin man da ya dace tana cikin littafin motar, sau da yawa ma a kan murfin zuba mai. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa har Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya ta sha kama shi, don haka wurin saye yana da muhimmanci kamar sunan da ke jikin galan.

Idan misin ya riga ya zo, mai mota ba ya buƙatar zama injiniya. Ya isa ya nemi a nuna masa lambar ya rubuta ta. Ya tambaya ko an musanya kwayil da fulogi, misin ɗin kuma ya bi su ko ya tsaya. Idan ya tsaya, ya nemi adadin da agogon matsi ya nuna a kowace silinda. Idan aka ce tafet ne, ya nemi ganin rokan da ba ya motsi, ya kuma tambayi halin da kamshaf ke ciki kafin a ɗaura sabo a kan tozon da ya riga ya cinye. Bakaniken kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin su ne ke bambanta shi da mai lalube.

Abu mafi muhimmanci kuma shi ne a yi cinikin bincike tun kafin a buɗe bonet, a matsayin aiki mai kuɗinsa na kansa, wanda za a biya ko da a ƙarshe ba a sayi ko noti ɗaya ba. Ranar da bakanike ya tabbata cewa awo da tunani suna kawo masa abinci kamar yadda sufana ke kawowa, zai sayi agogon matsi da kuɗinsa, zai kuma koya wa yaran shagonsa yadda ake karanta shi.